Makubar Gwangwani

Shekarun baya, zamanin da wayar hannu ta fara shigo mana ƙauye, lokacin da sai mutum ya hau gadar kanal yana ɗaga hannu sama kafin ya ji muryar mai kiransa, na kusa rasa ɗakina saboda kalma ɗaya. Kuma daga bakina ta fito, shi ya sa har yau in na tuna nake jin haushi.

Ɗakin soro ne na ƙasa, rufin azara. Marigayi maigidana ne ya gina shi shekarar da aka kawo ni. A ciki na haifi 'ya'yana duka, a ciki kuma aka yi masa wanka ranar da ya koma ga Mahaliccinsa. Ba wani ɗakin a zo a gani ba ne. Amma da bazara, in rana ta take tana dafa mutane a ƙarƙashin rufin kwano, ni har mayafi nake ja in rufa. Abin da ya riƙe shi duk tsawon shekarun nan kuwa, bayan ikon Allah, makuba ce.

Na san da yawanku ba ku san ta ba. Bari in faɗa, tunda rashin faɗar ne ya jawo mini. In ɗorawa ta nuna an fasa, an cire garin, an ware kalwa don daddawa, ɓawon da ya rage shi ne makuba. A daka shi, a jiƙa a tukunya kwana biyu ko uku, sai ruwan ya yi ja ya koma duhu kamar hantar rago. Da ruwan ake kwaɓa ƙasar yaɓe, da shi ake shafe bango, shi ake yayyafawa in ana daɓe. Cikin ƙasar yake shiga ya ɗaure ta. Ruwan sama ya daka ya gaji, gara ta sansana ta juya. Launin nan da ido yake gani gyara ne kawai aka yi wa mai saye, ainihin aikin yana ciki.

Da ƙuruciyata babu gonar da ba ɗorawa a nan tsakanin Kura da Bunkure. Da aka zo aikin ruwa na noman rani, katafila ta bi ta tumɓuke su, aka baje ƙasa, aka ja mana ruwa daga Tiga. Ba na butulci. Mun ci shinkafa, mun ci alkama, tumatir ya aurar da 'ya'ya ya kai mutane Makka. Sai dai ƙasa ta sha ruwa har ta ƙoshi. Rani da damina gindin bango a jiƙe yake, wani farin gishiri yana tsatsowa yana cin gini daga ƙasa. Ɗakunan ƙasa suka dinga durƙusawa, bulo yana maye gurbinsu. A layinmu nawa kaɗai ya rage, don maigidana duk bayan shekara biyu sai ya hau keke ya nemo makuba ko daga ina ne. Da ya rasu aka yi shekara uku ba a yi ba.

To, sai maganar ɗana na fari. Ku matan yanzu kuna ƙwala wa 'ya'yanku na fari kira da suna a tsakiyar kasuwa. Mu ba haka muka tashi ba. Ban taɓa faɗin sunansa ba. Ban taɓa zama na dube shi na yi masa doguwar magana ba. Tun daga yaye ƙanin ubansa ya tafi da shi birni, can ya girma, sai da salla muke ganinsa. Bayan rasuwar uban ya dawo ya karɓi gona, ya gina ɗakunan bulo a gaban gida, ya kama lodin tumatir zuwa Kudu. Gida ɗaya muke, amma in ya gaishe ni ina kallon tsintsiya nake amsawa. In ina da saƙo, matarsa nake faɗa wa ko da yana tsugune a gabana, shi kuma ya tsinta. Haka muke, ba wanda ya mutu.

Wata safiya, bayan an gama kwasar tumatir, shekarar ta yi masa kyau, ya zo ya tsuguna a ƙofar ɗakina. Surukata tana gefe tana tsince shinkafa.

Ya ce, “Inna, ɗakin nan ya gaji. Ki bari in rushe shi in yi miki na bulo, ciki da falo, har da silin.”

Na dubi surukata na ce, “Ke, gaya wa mijinki ban ce na gaji da ɗakina ba.”

“Inna, na duba gindin bangon gabas. Ina tsoron damina.”

“Gaya masa ba tsufa ke damun ɗakin ba. Makuba yake so.”

Ya ce, “Makuba kawai?”

“Kawai.”

“To za a yi. Amma Inna, in an yi, damina ta zo ya nuna alamar zubewa, ba zan bari ki kwana a ciki ba. Rushe shi zan yi, ko za ki yi fushi da ni.”

“Gaya masa na ji.”

Na amsa da ƙarfina, don na san abin da makuba take yi. Surukata kuwa har da ajiye faifai. 'Yar Kumbotso ce, yarinya mai ladabi, ba ni da abin faɗa a kanta, sai dai ta fi sanin sunan leshi da atamfa fiye da sunan itatuwa. Ta ce, “Lah, Inna, ashe kin san yayi! Ai yanzu a birni duk gidan da kika shiga makuba ne.”

Wallahi daɗi na ji. Na ce a raina, ashe mutanen birni sun gaji da shirme sun dawo hanya. Ko kaɗan ban tsaya na tambayi kaina ba, ina birni suka samo ɗorawar da za ta ishe su.

Kwana uku da wannan magana autata ta haifi tagwaye a Bunkure. Dole na tafi na zauna mata har arba'in. Ranar wata kasuwa ma na ga wata tsohuwa ta kasa makuba a buhu, mai kyau, sabuwar fasawa. Na ɗiba na sansana na mayar. Ta ce, “Ba za ki saya ba, Iya?” Na ce mata, “Ɗana ya riga ya yi mini.” Har da ɗaga kai na faɗa. Allah ya yafe mini.

Ranar da na dawo, tun daga bakin kanal mutane suka fara tare ni. “Iya, barka! Kin haifi ɗa.” “Iya, yau sai ki ba mu tukuici kafin mu bar ki ki wuce.” Ina amsawa ina mamaki, yaushe makuba ta zama abin barka. Ina shiga zaure wani wari ya buge ni, kamar an kifar da galan ɗin kananzir. Na ƙarasa tsakar gida na tsaya.

Ɗakina yana walƙiya. Rana tana dukansa yana mayar mata, kamar sabuwar samira. Launin dai shi ne, ban isa in ce ba shi ba ne, ja mai duhu, har ya fi na gaske cika ido. Na matsa na ɗora tafin hannuna. Sulɓi, kamar na dafa leda. Fenti ne, fentin mai, tun daga ƙasa har indararo.

Surukata ta fito tana guɗa. “Inna, kalar ta fito? Sau uku mai fenti yana haɗa ja da baƙi ina cewa bai yi ba. Sai da na ɗauko mayafina ruwan makuba na kara masa a bango, sannan ya dace. Hawa biyu aka yi, ciki da waje.”

Ciki da waje. Na leƙa. Makuba ta gaske ba ta hana ɗaki haske, tausasa shi take yi. Wannan kuwa kamar na zura kai a cikin tulu. Sun shafe azara, sun shafe ƙyaure, sun shafe gindin randa. Da fentin ya ragu, turmina ma bai tsira ba, har akurkin kaji an yi masa kwalliya. Ƙudaje sun manne a bango sun mutu a tsaye. Ga sawun ƙadangare ya bi ta kai tun yana ɗanye, ya bar tarihi.

Na waiwayo, ga ɗan nawa nan tsaye a bayan mutane, ƙato mai gemu, yana murmushi kamar yaron da ya kawo allo an ce ya iya. Maƙwabta sun cika gida suna jiran abin da zan ce. Me zan ce? In buɗe baki a gaban jama'a in ce ɗana na fari bai san makuba ba? Na dubi ƙasa na ce, “Sannunku da aiki. Allah ya yi albarka.” Aka ce amin. Ni kaɗai na san abin da na haɗiye.

Mako guda a rumfa nake kwana saboda wari, na ce zafi ne. Mata suna ta zuwa kallo, wata har da tambaya ta wace kasuwa aka sayo, wai za ta sa a yi wa 'yarta. Tsofaffin da suka san makuba kuwa suka ɗauka ni ce na zaɓi zamani, suna yi mini kallon wadda ta tsufa ta lalace. Ta ko'ina ni ce a ciki.

Mutum ɗaya ce ta faɗi gaskiya, ƙawata Bafulatana da ke kawo mana nono tun muna da ƙarfinmu. Rugarsu tana can bayan inda aikin ruwa ya tsaya. Ta sauke ƙwarya, ta dubi ɗakin, ta dube ni, ta kama ciki tana dariya har da hawaye.

“Ƙawa, wa ya yi wa ɗakinki jan baki?”

“Rufe mini baki, kada a ji.”

“Aure zai yi?”

Na ja ta bayan madafa na faɗa mata komai. Ta ce, “Ku Haɓe kun iya abin mamaki. Kun tumɓuke itatuwanku kun shuka tumatir, yanzu kuna neman ɓawo a gwangwani. Mu namu suna nan. Zan kawo miki.”

Ta cika alkawari, kasuwa ta gaba ta zo da rabin buhu a ƙarƙashin ƙwarya. Na daka a ɓoye, a turmin nan mai kwalliya, na jiƙa a tsohuwar tukunya bayan madafa. Surukata ta gani ta tambaya, na ce jiƙon ciwon ƙafa ne. Dabarata ita ce in bi bayan fentin da makuba kaɗan-kaɗan, ɗaki ya samu abin da yake so, ɗana kuma bai ji kunya ba. Kun ji wayon tsohuwa.

Rana ta uku, da hantsi, gida ba kowa, na ɗebo a ƙwarya na zaga bayan bangon gabas na shafa. Ruwan ya gangaro ya zube ƙasa kamar na zuba a bayan tasa. Na sake, ya sake gangarowa. Ko ɗigo bai shiga ba. Na ɗauko wuƙa na kankare wuri kamar faɗin tafin hannu, na danna yatsa. Yatsan ya nutse. Ƙasar ciki ta yi laushi kamar tuwon da bai huce ba.

Nan na gane. Bangon ƙasa numfashi yake yi. Abin da ya tsotso daga ƙasa da dare, rana take zuƙe shi da yini, haka yake rayuwa a wuri mai danshi irin namu. Yanzu an sa masa rigar leda ciki da waje, ruwa yana hawa ba hanyar fita. Ɗakin yana ruɓewa a tsaye, yana walƙiya. Ba abin da zai cece shi sai a kankare fentin nan kaf, kuma ba a kankare ɗaki guda a ɓoye. Duk wanda ya yi mini barka sai ya gani.

Kun san abin da na yi? Na jawo tsohon kwandon tumatir na jingina a wurin da na kankare. Ni da ake tsoron bakina a unguwa, ni da ba yarinyar da ke wucewa ta gabana ba ɗankwali, na rufe ciwon ɗakina da kwando na koma na zauna.

Da ƙawata ta dawo na nuna mata. Wannan karon ba ta yi dariya ba. Ta ce, “Ki faɗa masa mana.”

“Ɗan fari ne.”

“Ni za ki koya wa kunyar ɗan fari? A wurinmu kuka aro ta, ba ku ma iya ta ba. Amma ko mu, in bukka ta kama da wuta, ba ma tsayawa neman ɗan aike. Wanda ke kusa da ruwa shi ake kira.”

“Sai in aika matarsa.”

“Wadda ta kawo mayafi? Ki aika ta, a ƙaro miki hawa na uku.”

Na ce zan duba. Na yi ta dubawa har hadari ya fara haɗuwa. Kullum in ya zo gaisuwa sai in shirya maganar a bakina, in ya ce, “Inna, ya ɗakin?” sai in ji na ce wa tsintsiya, “Lafiya lau.” Barin kashi a ciki dai ba ya maganin yunwa, na sani, amma sani daban, buɗe baki daban.

Ruwan farko da na biyu yayyafi ne. Na uku ya zo da la'asar, daga gabas, da iska mai ɗaga rumfa. Ina zaune a ciki ina jin yadda yake dukan bangon. Da ya ɗauke na fito na zaga. Fentin ya kumbura wuri-wuri kamar fatar wanda ruwan zafi ya ƙona. Na taɓa ɗaya, ya fashe, jan ruwa ya tsiyayo. Daga ƙasa kuwa wani falle ya saɓule kamar zane, ya taho da yaɓen gaba ɗaya, ga tubali a waje. Kwandon nawa iska ta yi gaba da shi.

Ina tsaye ɗana ya shigo daga gona, wando a naɗe, duk taɓo. Ya duba sama, ya duba ƙasa, ya sa ƙafa ya taɓa gindin bangon, ƙasa ta zubo. Sannan ya kira matarsa, don shi ma ya saba da hanyar da na shimfiɗa.

Ya ce, “Gaya wa Inna na yi abin da ta ce. Makuba ta ce, an yi, har hawa biyu, ga abin da ya biyo baya. Yau a ɗakinki za ta kwana. A kwashe kayanta gobe, jibi magina za su zo.”

Surukata ta juyo za ta maimaita mini, kamar ni kurma ce. Na buɗe baki na ce, “Ke, gaya wa…” Sai na tsaya. Na dubi ɗakin. Na tuna uban yana tattaka ƙasar nan da ƙafarsa, ni ina ɗebo masa ruwa daga rijiya, amarya ko lallen hannuna bai goge ba. Jibi za a sa masa diga saboda na kasa haɗa magana huɗu da abin da na haifa.

Na ce, “Ke, matsa.” Na ɗaga kai na dube shi. “Kai. Zo nan.”

Wallahi sai da ya waiwaya ya ga ko akwai wani a bayansa.

Na wuce gaba yana bina har bayan madafa. Na buɗe tukunyar. “Mene ne wannan?”

“Maganin ƙafarki, aka ce.”

“Ƙafata lafiyarta ƙalau. Sa hannu.”

Ya sa, ya fito da shi jajir. Na ɗebo ɓawon na danƙa masa. “Wannan fa?”

Ya juya shi ya sansana. “Kamar ɓawon ɗorawa.”

“Alhamdu lillahi, ashe da sauranka. Wannan ita ce makuba. Abin da ka shafa mini sunanta kawai ya ara, kamar yadda ake ce wa yaro Sarki ba shi da ko jaki. Na ce maka kala? Ka ji kala a bakina? Ni da furfurata zan zauna ina zaɓen kala kamar mai haɗa lefe? Ubanka shekara nawa yana hawa keke yana nemo wannan ɓawon, ka ɗauka kwalliya yake yi wa bango? Bango numfashi yake yi! Ka ɗauko leda ka toshe masa hanci ciki da waje, sannan ka zo ka tsaya kana cewa ya gaji. Kai in aka naɗe ka a leda wata biyu ba za ka gaji ba? Har turmina! Me turmi ya yi maka? Kaji fa, su ma sun ce maka suna son yayi?”

Ban san ina da maganar da ta kai haka a ciki ba. Na yi ta yi, na faɗi yadda ake dakawa, yadda ake jiƙawa, yadda na shafa ta gangaro, har kwandon da na jingina sai da na tona wa kaina asiri. Surukata tana rakuɓe ta rufe baki da gefen mayafi, mayafin nan dai ruwan makuba.

Da na tsaya shan iska ya ce, “To Inna, me ya hana ki faɗa tun ranar da kika dawo?”

“Da wane bakin?”

“Da wannan da kike wanke ni da shi yanzu.”

Ya tsuguna a gaban tukunyar, hannunsa yana ɗiga, yana wata dariya da ba ta fita sosai. Ya ce, “Tun da aka haife ni ban taɓa jin kin yi mini magana mai tsawon wannan ba. In da saura ki ƙarasa, ina ji.”

Na nemi tsintsiya in kalla, babu ita a kusa. Na ce, “Saura a kankare.”

Bai ce to nan take ba, kuma ban ga laifinsa ba. Ya ce maganarsa tana nan, ba zai bar ni a ƙarƙashin bangon da ya sha ruwa ba. Washegari ya ɗauko wani tsohon magini, cikin 'yan kaɗan da suka rage masu aikin ƙasa. Tsohon ya zaga yana ƙwanƙwasa bango da sanda yana kara kunne. Ya ce bango uku suna da rai. Na gabas sai an sare gindinsa an tokare an sake masa tubali, kuma in aka ƙara mako biyu a cikin wannan riga, ko shi ba zai taɓa ba. Ya dubi ɗana ya ce, “Wa ya ba ka wannan shawara?” Ɗana ya ce, “Ni na ba kaina, Baba.” Bai dubi matarsa ba, bai dube ni ba. Na lura da wannan.

Allah ya taimake mu ruwa ya ɗan ja baya, kamar yadda yakan yi bayan saukar farko. Kwana huɗu ana kankara. Shi da kansa ya tuɓe riga ya kama fartanya, a gaban duk wanda ya ga dama ya leƙo. Kuma sun leƙo. Waɗanda suka tare ni a bakin kanal suna neman tukuici, su ne yanzu ke cewa, “Dama mun ga abin bai yi kama da mai ɗorewa ba.” Wadda ta tambayi kasuwar da aka sayo, ita ta fi kowa sanin illar fenti. Mutane ke nan. Na so in tanka, na ga na yi maganar da za ta ishe ni shekara.

Rabin buhuna bai kai ko'ina ba. Ya hau babur har rugar su ƙawata ya ɗauro buhu uku. Ƙawata ta ce mini da ya iso sai da ta tambaye shi ko ya zo da mayafin gwaji. Surukata ce ta daka fiye da rabi, hannunta ya yi kanta, ba ta yi ƙorafi ba. Aka bar bangon ya sha iska, aka yi yaɓe, aka shafe. Tsofaffin unguwa suka zo muka yi daɓe, 'yan mata suna leƙe suna tambayar me ake bugawa. Duk tsawon aikin a falon surukata nake kwana, ƙarƙashin kwano, in ruwa ya sauko kamar ana yi mini kiɗan ƙwarya a ka.

Ruwan Agusta ya zo ya yi abin da ya saba. Kullum da safe in gan shi ya zaga bayan ɗakin yana danna bango da yatsa, yana zaton ban gani ba. Damina ta wuce, ɗaki yana tsaye. Yau ma a cikinsa nake wannan magana.

Sauran fentin da ya rage a gwangwani, ƙofar gida ta langa-langa aka shafa wa. Gaskiya ɗaya ce, ta yi kyau, tsatsa ba ta ci ta ba. Fenti ba shi da laifi, an kai shi gidan da ba nasa ba ne. Turmi kuwa har ya tsage bai rabu da kwalliyarsa ba.

In na zauna ina tunawa, haushin yana nan, sai dai ya sauya wuri. Da ina jin na mai fenti, da na mayafi, da na mutanen birni da suka ɗauki sunan abu suka yar da abin. Yanzu nawa na fi ji. Na ɗauka kalmar da na tashi da ita kowa ya tashi da ita, ban lura ba ashe ranar da katafila ta tumɓuke ɗorawa ta tafi da rabin ma'anar, ta bar wa yara launi. Yaron nan bai ƙi ni ba, abin da ya ji shi ya yi, har hawa biyu. Kunya kuwa ban yar da ita ba, kada wata ta ji wannan ta ce tsohuwa ta ba da izini. Har gobe ba na faɗin sunansa. Na dai gane cewa in abu ya kai a nuna, a kamo hannun mutum a tsoma masa a tukunya.

A shekarar ya dasa ɗorawa uku a kan tudun bayan gona, inda ruwa ba ya kwanciya. Awaki suka ci biyu, ɗaya ta tsira, yanzu tana ba mu abin da ya ishi ɗaki ɗaya. Duk bazara in ta nuna sai ya zo ya tsuguna a ƙofata, da furfurarsa, ya ce, “Inna, lokacin makuba ya yi. Ta bishiya za a yi, ko ta gwangwani?”

Ni kuma in dubi tsintsiya in ce, “Ke, gaya wa mijinki ba na son shaƙiyanci.”